Wa Ya Buɗe Jakar Lantana?

Shafi na 27

Masu turo min saƙo cewa na cika wahalar da Christiana, duk na gani. Har da ke da kika ce za ki daina karantawa in ban bar baiwar Allah ta huta ba. Ki ƙara haƙuri, yau ma ba ranar hutunta ba ce.

*

Sau goma sha huɗu ana ɗaukar fitowa ɗaya. A na goma sha biyar Christiana ta buɗe ƙofar kamar yadda aka nuna mata, ta dubi yarinyar da ke tsaye a gabanta, ta buɗe baki, maganar ta ɓace.

"Kat!"

Abdulmajeed, daraktan, ya cire hularsa ya dafe kai. Matashi ne da bai kai talatin ba, kuma tun safe yake ƙoƙarin kada ya ɗaga mata murya.

"Mama, layi uku ne fa. Uku kacal."

"Na riƙe su, ɗana. Tun a mota nake maimaita su. A ƙara ɗaya."

"Mama, please. Gidan nan aro aka ba mu, ƙarfe biyu masu shi za su dawo."

Tun ciwon da ya taɓa mata ɓarin jiki bara, magana takan zo mata har bakin harshe ta koma. Ta san haka. Ta karɓi aikin ne don shekara ashirin da ɗaya ba wanda ya kira ta gaban kyamara sai yau, ko da fitowar tsohuwar mai aiki ce da za ta buɗe ƙofa ta ce Hajiya ba ta nan.

A bayanta ta ji 'yan matan kwalliya suna raɗa.

"Wai ita ce Lantana? Ta kaset ɗin nan da mamana ke kallo?"

"Ita ce. Wadda ta saci fim ɗin oganta ta sayar."

Abdulmajeed ya matso, ya rage murya.

"Ki je ki huta, Mama. Za mu kira ki."

Ta san irin wannan kiran. Ta cire ɗankwalin da aka ba ta, ta ninke shi, ta miƙa wa mai kula da kaya, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Duk wanda ya kalli kaset a Arewa kafin shekarar 2003 ya san wannan fuskar. Ba a san ta da Christiana Wakili ba. Lantana aka sani, sunan da ta fito da shi a fim ɗinta na farko, ya bi ta har ya danne nata. 'Yar mai wa'azi ce daga Jos, Hausa a bakinta kamar an haife ta a cikin birnin Kano. Hotonta na bayan motocin haya, yana shagon aski, mata na kai wa tela su ce ɗinkin Lantana suke so. Sai ga shi yau a Abuja, daga Lugbe zuwa Jikwoyi, ta shiga mota biyu da keke ɗaya, ta zauna awa guda a cunkoson Nyanya, ba wanda ya kalle ta sau biyu.

La'asar ta yi lokacin da ta sauka a bakin layinsu.

Wata baƙar mota ce a ƙofar gidan yayanta Zacharias, inda take zaune, lambar Kano a jikinta. A gindin mangwaro wani dattijo na zaune a kujerar roba da maƙwabta suka ba shi. Ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa, ƙafafunsa sun kumbura cikin silifas.

Ta kusa wuce shi.

"Lantana."

Ta tsaya cak. Fuskar ta canza, amma muryar tana nan. Muryar furodusanta ce, wadda ta fara ce mata za ta yi suna, ita ce kuma ta kira ta ɓarauniya a gaban jama'a.

"Babu mai wannan sunan a gidan nan."

"To, Christiana."

"Alhaji Kabir." Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wa ya mutu?"

"Ni ne nake hanya."

Matan layi sun fara leƙowa. Don haka kawai ta buɗe masa ƙofa, ba don wani abu ba. Ya shiga falon yana dafa bango, ya zauna da ƙyar. Ba ta ba shi ruwa ba. Ita ma ba ta zauna ba.

"Wankin ƙoda nake zuwa yi nan Abuja," ya ce. "Sau biyu a mako. Likitoci sun daina ɓoye min. Wata uku ina neman gidan nan."

"Ka same shi. Sai me?"

"Ba ke kika sayar da fim ɗin nan ba."

Dariya ta kufce mata, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Don wannan ka taso? Ai ni na sani, Alhaji. Tun ranar na sani. Ka sa ni in karɓo uwar kaset daga wurin masu tacewa a Jos in kai maka Kano, na kwana biyu a gidana, na kai maka shi a hannunka. Bayan mako guda ya cika kasuwa. Na durƙusa a ofishin ƙungiyar 'yan fim, na dafa Littafi Mai Tsarki a gaban mutum arba'in. Ka tuna abin da ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce in tashi, kyamara a kashe take."

"Na tuna."

"Aka yi dariya. Har waɗanda na koya wa tsayuwa a gaban kyamara suka yi dariya."

"Christiana, ba yau na san gaskiya ba."

Ta daina motsi.

"Yaushe?"

"Shekara biyu bayan an kore ki."

Sai a lokacin ta zauna. Ƙafarta ta hagu ce ta ƙi ɗaukarta.

"Maimaita."

"Akwai wani Innocent, mai shagon kwafin kaset a Jos. 'Yan sanda suka kama shi kan wani fim daban, ba nawa ba. Da aka matsa masa, ya faɗi nawa shi ma. Ni da kaina na je na same shi. Ya ce wata Asabar wani ya kawo masa kaset da azahar, ya ce ya kwafa ya dawo masa da shi kafin magariba. Bai nemi komai ba. Cewa ya yi a watsa shi kawai, ko'ina."

"Shekara goma sha tara ke nan."

"Haka ne."

"Ka sani, ka yi shiru."

"Na riga na tara 'yan jarida. Na riga na sa hotonki a bangon mujalla. Na bi kowane furodusa na ce duk wanda ya ɗauke ki, ni da shi. In dawo in ce na yi kuskure? A lokacin girman kai ya hana ni. Kuma aka ce min kin fara sha, sai na ce ai ta riga ta lalace, ko na yi magana ba abin da zai gyaru."

"Aka ce maka na fara sha."

"Eh."

"Ba ka tambayi me ya sa ba?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Albert ya sake ni saboda a wurin aikinsa ana ce masa mijin ɓarauniya. Na je Kaduna neman fitowa, aka rufe min ƙofa. Na je Legas, aka ce Hausa ta yi min yawa a baki. Shekara takwas ina cikin kwalba, Alhaji. 'Yata ta yi jarabawar gama firamare ina kwance a bayan wata mashaya, ban san ranar ba ce. Kalma ɗaya daga bakinka da ta isa. Ɗaya."

"Shi ya sa na zo. Ki yafe min kafin in tafi."

"In yafe maka in yi me da shi? Yau ɗin nan aka sallame ni daga lokeshan, layi uku sun gagare ni. Da ka zo ina da shekara talatin da biyar, da akwai sauran abin da za a ceta. Yanzu ka kawo min gaskiya kamar wanda ya kawo wa gawa magani."

Hawaye ya gangaro masa. Bai share ba.

"Zan kira 'yan jarida. Zan faɗa a gaban kowa."

"Wa ya san ni? Waɗanda suka zage ni rabinsu sun mutu. 'Ya'yansu ne suka gaji zagin, su kuma ba su san ka ba."

A waje mai sayar da ruwa a kura yana ƙwanƙwasa jarka.

Sai ta ɗago.

"Wa ya kai wa Innocent?"

"Christiana..."

"Ka ce wani. Wane ne?"

Alhaji Kabir bai dube ta ba. Bango ya duba, inda aka rataye babban hoton Zacharias ranar da ya yi ritaya daga ma'aikata, cikin kwat, yana karɓar takardar yabo.

"Innocent ya ce ɗan cocinsu ne. Ya san shi, ya san gidanku."

"Sunansa."

"Yayanki."

Ta miƙe da saurin da ba ta san tana da shi ba.

"Fita."

"Wallahi ba..."

"Fita, na ce! Ka cinye min rayuwa bai ishe ka ba, sai ka haɗa ni da mutum ɗaya da ya tsaya min? Yaya ne ya je Jos ya ɗauko ni daga cikin kwata. Shi ya riƙe min 'yata Vivian, ya sa ta makaranta har ta zama nas. Shi ya ba ni ɗaki a gidan nan. Kai kana ina?"

"Ki tambaye shi."

"Ba zan zubar da mutuncina in yi masa wannan tambayar ba."

Ƙofa ta buɗe.

Zacharias ne ya dawo daga taron dattawan coci, Littafi a hammata, lema a hannu. Ya shigo yana cewa, "Christy, motar wa ce a..."

Idonsa ya sauka kan baƙon.

Bai taɓa gaisawa da Alhaji Kabir ba a rayuwarsa, amma ya san fuskar daga mujallu. Ya tsaya a bakin ƙofa, bakinsa a buɗe, lemar ta zame daga hannunsa ta faɗi. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

Christiana ta yi shekara shida tana karanta fuskokin mutane a gaban kyamara. Ta san fuskar mamaki. Wannan ba ita ba ce.

"Yaya."

"Me wannan mutumin ke yi a gidana?"

"Yaya, ka san wani Innocent?"

"Innocent nawa ne a duniya?"

"Mai shagon kaset. A Jos."

Ya ajiye Littafin a kan tebur a hankali. Ya ja kujera ya zauna. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ka ce ƙarya yake yi," ta ce. "Ka ce kawai, zan yarda. Ni da kaina zan jefa shi waje."

"Ceton ki na yi."

Ta matso kusa da shi.

"Me ka ce?"

"Na ce ceton ki na yi, Christy. Kin manta yadda muke a lokacin? An sauke Baba daga kan bagadi saboda ke. Shekara talatin yana wa'azi, aka ce wanda ya kasa riƙe 'yarsa ba zai riƙe ikilisiya ba. Mama ta daina zuwa zumuntar mata. Kina rawa a kaset da sunan da ba Baba ya raɗa miki ba, kina kwana a otal-otal da maza, yarinyarki na hannun maƙwabta."

"Aiki nake yi!"

"Na yi miki magana sau nawa? Kika ce in fita miki daga gida."

"Sai ka mayar da ni ɓarauniya."

"Na ɗauka za su kore ki ne kawai. Ki dawo, ki yi fushin wata biyu, ki koma koyarwarki. Ban san zai kai mujalla ba. Ban san Albert zai tafi ba. Ban san za ki..." Ya haɗiye sauran.

"Ka ga ya kai. Ka ga ina nutsewa. Me ya hana ka magana?"

"Da na yi magana ɗaure ni za a yi. Wa zai riƙe Vivian?"

"Kar ka sa sunan 'yata a bakinka!"

Alhaji Kabir ya yunƙura zai tashi. Ta nuna shi da yatsa ba tare da ta dube shi ba.

"Zauna. Kai ka kunna, ka tsaya ka gani."

Ta juyo kan yayanta.

"Shekara goma sha uku ina gidan nan. Ina share maka tsakar gida, ina wanke maka kaya, ina durƙusa maka da safe. Duk ƙarshen shekara kai kake tura ni gaban coci in ba da shaida. In tsaya in ce ni ɓatacciya ce, Allah ya ba ni yaya na gari. Kana zaune a layin dattawa kana gyaɗa kai. Kana cewa amin, Yaya. Kana cewa amin!"

"Kullum ina roƙon Ubangiji gafara."

"Shi ka yi wa? Ni ce nake ɗakin baya, taku goma daga ɗakinka. Ba ka taɓa ƙwanƙwasawa ba."

"Duk abin da na yi miki a gidan nan, biya nake yi."

"Ashe ba ƙauna ba ce."

"Christy, ki fahimce ni..."

"Baba ya mutu bai yi min magana ba. Ya mutu yana ganin ya haifi ɓarauniya. Kana tsaye a kansa a asibiti. Ka faɗa masa?"

Zacharias ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta jingina da bango tana numfashi sama-sama. Ta so ta yi kuka, ya ƙi zuwa. Kwanaki biyun nan na Jos ne suka dawo mata, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta saba juya su a ranta shekara da shekaru. Jar jakarta. Ƙaramin kwaɗo a zif ɗin. Makulli a ƙarƙashin matashin kai. Asabar ɗin da ta fita kitso da rana, ta kulle ɗaki...

Ta ɗago kai a hankali.

"Tsaya."

Ba wanda ya yi motsi.

"Ba ka shiga gidana ba. Lokacin muna gaba, shekara biyu ba ka taka ƙofata ba. Da ka shigo, da maƙwabta sun faɗa min."

"Ya wuce, Christy."

"Jakar na ƙarƙashin gado, a kulle. Na dawo na same ta yadda na bar ta. Wanda ya buɗe ya san inda nake ajiye makulli. Wa ya ba ka kaset ɗin?"

"Ni na yi komai. Ki bar shi a kaina."

"Albert ne?"

"A'a."

"Albert na Makurɗi ranar, na tuna. Mama ce?"

"Ki ji tsoron Allah, Mama na kabari."

"To wane ne?"

"Na roƙe ki, ki bar maganar nan. Ki zage ni, ki kai ni gaban dattawa, ki kai ni kotu. Amma wannan ki bar shi."

"Ba zan bari ba! Shekara ashirin da ɗaya ina tambayar kaina. Yau sai na ji."

"Kawu, ka bari."

Duka ukun suka juya.

Vivian ce a bakin ƙofa, cikin fararen kayan aiki, ta taso daga asibiti. A hannunta ledar magungunan mahaifiyarta ce, na hawan jini da take kawo mata duk wata. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye.

"Vivian, shiga ciki," Zacharias ya ce da sauri. "Maganar manya ce."

"Shekarata talatin, Kawu. Na gaji."

"Na ce ki shiga ciki!"

Ba ta ko dube shi ba. Ta tako zuwa tsakiyar falon, ta ajiye ledar, ta sauka kan gwiwoyinta a gaban mahaifiyarta.

Christiana ta girgiza kai tun kafin ta ji.

"A'a. Tashi. Shekararki tara lokacin. Tashi, Vivian."

"Momi..."

"Ba ki san komai ba. Kina makaranta."

"Asabar ce, Momi. Kin tafi kitso, kika bar min makullin ɗaki. Kawu yana jira a bayan gida a kan mashin."

"Yi shiru."

"Ya same ni a makarantar Lahadi tun kafin nan. Ya ce duk ranar da kika zo da kaset ɗin aiki in faɗa masa. Ya ce in na ɗauko masa na ɗan lokaci, ba za ki ƙara tafiya ki bar ni ba. Ya ce kullum za ki kwana a gida." Muryarta ta karye. "Ni so nake ki zauna kawai. Ni na buɗe jakar, ni na mayar."

Alhaji Kabir ya yi salati a hankali.

Christiana na kallon 'yarta. Wannan fuskar ce ta sa ta ajiye kwalba. Waɗannan hannuwan ne suka yi mata wanka wata huɗu bara, lokacin da ɓarin jikinta ya mutu.

"Yaushe kika gane abin da kika yi?"

"Ina aji uku a sakandare."

"Shekara goma sha biyar ke nan."

"Na ji tsoro, Momi. Ke kaɗai gare ni."

Vivian ta miƙa hannu biyu za ta riƙe ƙafafunta.

Christiana ta ja da baya.

"Kar ki taɓa ni."